Jirgin Baba a Kan Motar Ƙwai

Sai da mahaifinsu ya rasu sannan Yaya Babba ya gano cewa yana alfahari da kamun kifi. Lokacin da tsohon yake raye, in aka tambayi Yaya sana'ar babansa, sai ya gyara zaman tabarau ya ce, "Yana harkar sufurin ruwa," ya yi maza ya kawo wata maganar. Bai taɓa sa ƙafa a cikin kwalekwalen nan ba, wai ƙarnin kifi yana tayar masa da zuciya. Amma yanzu ya yi ritaya daga shugabancin makarantar sakandare, ya gama ginin gida mai faffaɗar farfajiya, ya sa an zuba dandamalin siminti a tsakiyarta, saura abin da za a ɗora a kai. Maƙwabcinsa na dama zakin siminti ya girke, na hagu kuma famfon da ke fesa ruwa sama in an kawo wuta. Yaya ya yanke hukunci: kwalekwalen Baba za a ɗauko daga bakin kogi, domin duk baƙon da ya shigo ya san daga inda gidansu ya taso.

Aikin ɗaukowa ya faɗa kan ƙaninsa, Injiniya, saboda dalilai biyu. Na farko shi ne injiniya. Na biyu, wanda ya fi na farkon ƙarfi, matarsa tana da a-kori-kura.

Injiniya a sashen gadoji yake a ma'aikatar ayyuka. Aikinsa ke nan tun yana saurayi: ya lissafa nauyin da abu zai iya ɗauka kafin ya karye. A ofis 'yan kwangila har gumi suke yi in ya ɗaga gira. Amma a gaban Yaya, wanda ya koya masa karatu da bulala a hannu, duk ilminsa yakan tattare ya koma kalma biyu, "To, Yaya." Ga furfura ta cika masa gemu, ga 'yarsa ta fari tana jami'a, amma kalmomin nan biyu ba su tsufa ba.

Matarsa kuwa, wadda unguwa ke kira Hajiya mai ƙwai, kiwon kaji take yi a bayan gida. Da ƙwan nan ta sayi farar a-kori-kurarta, ta sa mai walda ya kafa mata siririn ƙarfe a baya, daidai da tsayin rufin gaba, don ɗaura tamfol kada rana ta doki kaya. Kullum da safe ita take tuƙa ta da kanta zuwa shaguna, a hankali kamar mai ɗauke da jariri.

Da ya zo mata da maganar aro, tana tsugune tana goge ƙwai da tsumma. Ba ta ɗago ba.

"Motata ba ta taɓa ɗaukar abin da ya fi buhun abincin kaji ba," in ji ta.

"Haba Hajiya, ni za ki gaya wa nauyi? Katifa zan shimfiɗa a kan rufin, mu kifa jirgin a kai, gefe da gefe su raba nauyin, mu ɗaure gaba da baya. Motar ma ba za ta san an ɗora mata komai ba."

"Ba lissafinka nake tsoro ba. Yayanka zai je?"

"Zai je."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi. "Injin wutata da ka ba shi aro, a buhu ya dawo. Na yi shiru. Wannan kuwa, gobe da safe shaguna suna jirana, kuma kajin nan ba su san hutu ba. Maigida, dube ni ka ce yadda ta fita haka za ta dawo."

Ya dube ta ya faɗa. Har ya ƙara da rantsuwar da ba a nema ba. Ta ciro makulli daga bakin zani ta miƙa masa, sai da ya ɗan ja sannan ta saki.

Su uku suka tafi: shi a sitiyari, Yaya a bakin taga, Auta a tsakiya. Auta shi ne ƙaraminsu, ma'aikacin banki, mai tumbin da ya riga shi shiga ko'ina. Fararen kaya ya sa don zuwa aikin ɗaukar kaya, kuma tun a hanya ya bayyana cewa nasa aikin shi ne ɗaukar hoto da waya, domin tarihi.

Sun tarar da kwalekwalen a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gidan marigayi, Injiniya ya kusa bai gane shi ba. A zamanin Baba jirgin nan yoyo yake yi ta ko'ina, rabin kamun kifin tsohon kwarfe ruwa ne. Ashe Yaya ya aiko a ɓoye an liƙe kowace tsaga da kwalta, an shafe shi da shuɗin fenti mai ƙyalli. Yanzu da ba zai ƙara ganin kogi ba, ko allura ba za ta sami hanyar wucewa ba.

Injiniya ya kifa farar hular kwanonsa ta aiki a ka, don a san ba wasa ya zo yi ba. Ya shimfiɗa tsohuwar katifa a kan rufin motar, ya warware igiyoyi, ya kira masuntan unguwa su kama.

"Ku juya shi tukuna," ya ce musu. "Baki ƙasa, gindi sama."

"A juya me?" in ji Yaya.

"Jirgin, Yaya. Kifa shi za mu yi."

Yaya ya cire tabarau a hankali, yadda yakan yi a gaban ɗalibai in zai kori wani. "Jirgin nan, tun ba a haife ka ba Baba yake shiga ruwa da shi. Ambaliya ta zo, guguwa ta zo, bai kife ba. Ko sau ɗaya. Sai yau da ƙasa ta rufe idon Baba, 'ya'yan cikinsa za su kifar da shi a kan tudu, a gaban jama'a?"

"Kai, Yaya!" in ji Auta. "Don Allah maimaita, ban danna ba."

Yaya ya maimaita, wannan karon da ɗaga hannu sama.

Injiniya ya matso kusa, ya rage murya. "Yaya, ai ba kifewa ba ce, ɗauri ne kawai. In gindinsa ne a ƙasa, duk nauyin a tsakiyar rufin zai sauka. Ga shi kuma baki buɗe, ka dubi gabas ka ga hadari."

"Kai ne mai saukar da ruwan?"

"A'a, Yaya."

"To?"

"To ko tamfol mu rufa masa."

"Gawa muka ɗauko? Jirgin Baba zai shiga gari fuska a buɗe, kowa ya gan shi."

Injiniya ya buɗe baki. A cikin kansa akwai zane, akwai lissafi, akwai fuskar Hajiya lokacin da take sakin makulli. Abin da ya fito shi ne, "To, Yaya."

Masunta suka kama suka ɗora yadda aka ce, tunda motar ba ta ubansu ba ce. Goshin jirgin ya zauna a kan katifa, bayansa a kan siririn ƙarfen tamfol, ya miƙe sambal yana kallon sama kamar babban kwanon da aka ajiye ana jiran a zuba. Injiniya ya huce haushinsa a kan igiya. Ya ɗaure gaba, ya ɗaure baya, ya zagaya ciki ya ƙulle, ya sake ƙullewa, ya maƙala jan ƙyalle a wutsiya. Ɗaurin dai ya yi kyau. Duk abin da zai faru da motar, jirgin ba zai rabu da ita ba.

Farkon tafiyar Yaya ne ya ci riba. Duk ƙauyen da suka ratsa sai mutane sun juyo, shi kuma ya fito da gwiwar hannu ta taga yana gyaɗa kai kamar wanda ya sassaƙa jirgin da kansa. Ya ba su labarin yadda yake raka Baba kogi da asuba, abin da su biyun suka san bai taɓa faruwa ba. Auta yana cewa, "Allah sarki." Injiniya kuwa idonsa ɗaya a kan titi, ɗaya a kan gajimaren da ke biye da su.

Ruwan bai yi musu sallama ba. Ɗigo biyu a gilashi, sai kawai aka kece. Da farko ƙarar da ke sama irin ta ganga ce, ruwa a kan busasshen katako.

"Kun ji?" in ji Yaya. "Jirgin ya yi kewar ruwa."

Can sai ƙarar ta sauya, ta yi taushi, ruwa yana sauka a kan ruwa. Wannan sautin Injiniya kaɗai ya ji shi, ko kuma shi kaɗai ya san fassararsa. Kowace lita kilo guda ce. Ya san tsawon jirgin, ya san faɗinsa, ya kuma san kaurin rufin mota, wanda bai fi murfin tukunya ba. Kansa ya shiga ninkawa ba da izininsa ba. Da suka sha wata kwana, motar ta kwanta gefe, ta yi jinkiri kafin ta miƙe, wani abu mai nauyi ya yi kwaram a sama ya koma ɗaya gefen.

Sai rufin ya ce ɓam.

Auta ya ɗaga kai ya dubi fitilar da ke rufin motar. "Fitilar nan da can haka take kusa da ni?"

Injiniya ya gangara gefen titi ya tsaya. Suka fito cikin ruwa, ya taka taya ya leƙa. Ruwan ya kusa rabin jirgin, tas da shi, ko ɗigo ba ya fita. Mai kwalta ya yi aiki tsakani da Allah. Katifar kuma ta sha ta ƙoshi, ta zama wani kayan daban. Tsakiyar rufin ta lotsa kamar tafin hannu.

"Mu kwance mu karkata shi," ya ce.

"Mu uku?" in ji Auta. "Ni likita ya hana ni ɗaukar abu mai nauyi."

Gaskiyarsa ce a wannan karon, ko su goma ne ba za su ɗaga shi ba. Saura kwarfewa. Aka duba motar, babu bokiti, babu kwano, sai farantan ƙwai na takarda da suka riga suka zama dame. Idon Yaya ya sauka a kan hular kwanon Injiniya.

"Auta, hau," in ji shi. "Kai ne ƙarami."

Ƙarami ne a haihuwa. Injiniya ya so ya ce mutumin da ya fi su duka nauyi bai kamata ya hau kan rufin da ke kuka ba, amma kafin ya gama tauna maganar Auta ya riga ya tattare fararen kayansa, ya taka ƙarfen tamfol, ƙarfen ya lanƙwashe ya gaishe shi, Auta ya faɗa cikin jirgin ya zauna daram. Haka masu wucewa suka gan su: ƙaton ma'aikacin banki a cikin shuɗin kwalekwale a saman mota, yana kwarfar ruwa da hular injiniya, sama tana mayar masa da ninkin abin da ya zubar. Wata babbar mota ta rage gudu, direban ya leƙo.

"Alhaji, an kama da yawa?"

"Allah ya shirye ka!" Yaya ya daka masa tsawa.

"A rage min na miya!"

Rufin ya sake cewa ɓam. Injiniya ya ji shi a ƙirjinsa. Ya sa Auta ya sauko, ya buɗe bayan kujera ya ɗauko ƙarfen kwance taya. A can wutsiyar jirgin, ƙasa ƙasa, akwai wani tsohon faci da ya sani tun yana yaro, inda Baba yake cusa tsumma. Bugu ɗaya zai ɓalle kwaltar, ruwan ya tsiyaye a kan titi, gobe a sake liƙewa ba wanda zai sani. Ya nufi wurin da ƙarfe a hannu.

Yaya ya sha gabansa. Ruwa yana zuba daga hularsa zuwa kan tabarau, amma bai rage masa kwarjini ba.

"Ina za ka da wannan?"

"Ƙaramin rami, Yaya. Kamar ɗan yatsa."

"Ka huda jirgin Baba."

"Yaya, Baba da ramin ya yi rayuwarsa."

"Shi ya sa na rufa masa asiri. Kai kuma za ka tone. A kan me? A kan gwangwanin matarka?"

"Amana ce, Yaya. Na yi mata rantsuwa."

"Mace ta ba ka amana, ubanka ya bar maka amana. Zaɓi ɗaya, muna kallo. Auta, ɗauka."

"Wayar ta jiƙe, Yaya," in ji Auta cikin baƙin ciki na gaskiya.

Injiniya ya tsaya da ƙarfe a hannu, ruwa yana bin bayan wuyansa. Taku biyu ne tsakaninsa da facin. Yaya tsoho ne, ba zai iya riƙe shi ba. Ya tuna ranar da ya sa aka rushe ginshiƙin gada sukutum don an rage rodi, ɗan kwangila yana kuka yana haɗa shi da Allah, bai ko waiwaya ba. Wancan mutumin yana nan a cikinsa, yana jin sa. Sai dai ɗan kwangila bai taɓa goya shi ba.

Ya mayar da ƙarfen bayan kujera.

"Ruwan ma ya kusa ɗaukewa," Yaya ya yanke hukunci. "Mu tafi a hankali."

Suka tafi a hankali. Injiniya ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana tuƙi yadda Hajiya take yi da ƙwai, yana kauce wa kowane rami, yana roƙon Allah a ɓoye. Har ya fara ganin rufin gidajen gari, har zuciyarsa ta fara gaya masa ƙila a iya buga lotsawar daga ciki kafin Hajiya ta gani. A daidai mashigar garin akwai tudun rage gudu, irin wanda ma'aikatarsu take zubawa ta manta da fenti. Ruwa ya rufe shi. Bai gan shi ba sai da ya zo kai, ƙafarsa ta taka birki da kanta.

Motar ta tsaya. Ruwan da ke cikin jirgin bai tsaya ba. Gaba ɗayansa ya kwaso daga wutsiya ya tafi goshi, rufin ya yi wata ƙara kamar an take babban gwangwani, ya sauko musu a ka. Gilashin gaba ya tsattsage daga sama har ƙasa, ruwa ya kwararo a kansa kamar labule, sauran ya biyo ta saman ƙofofi ya cika musu cinya. Hular Yaya ta nutse har kunne.

Waifa mai share ruwa tana ta kai da kawo a kan fasasshen gilashi.

Yaya ne ya fara samun ƙofa, da kafaɗa ya buɗe ta. Ya fita ya zagaya, yana shafa shuɗin fentin daga goshi har wutsiya, ya leƙa ƙasa, ya ja igiya. Sannan ya sunkuyo ta taga, fuskarsa cike da annuri.

"Alhamdulillahi. Ko ƙwarzane babu. Kun ga aikin mutanen da?"

Ba a jima ba ruwan ya ɗauke, rana ta fito fes. Injiniya ya ƙarasa gidan Yaya yana tuƙi, kansa a waje ta taga, domin a ciki babu wurin ajiye shi. Maƙwabta suka taru aka sauke jirgin, aka ɗora a kan dandamali, mai zakin siminti ya leƙo ta katanga ya yi shiru, abin da ya faranta wa Yaya rai fiye da komai. Sai da aka gama hotuna da wayar wani sannan Yaya ya waiwayi motar.

"Wannan ai ɗan lotsawa ne. Motocin yanzu takarda ne, ka gaya wa Hajiya in za ta sake saye ta yi shawara da manya. Ka gaishe ta."

A hanyar gida Injiniya ya shirya jawabi. Akwai maganar ruwan da ba a saba gani ba, akwai tudun da ba fenti, akwai ƙaddara a ƙarshe don rufewa. Ya tarar da ita a ƙofar gida tana sallamar mai kawo abincin kaji. Ta ga motar tun daga kan kwana. Ba ta yi ihu ba, ba ta ɗora hannu a ka ba. Ta jira ya fito a duƙe, ta zagaya motar sau ɗaya, ta taɓa ƙarfen tamfol da ya koma baka, ta sa hannu a kwarin da ke rufin inda ruwa ya kwanta, ta yarfe.

"Jirgin fa?"

"Lafiya lau ya isa."

"Madalla. A kife?"

Ya dubi takalmansa. "Yaya ya ga bai dace ba."

"Uhm."

"Hajiya, ruwan nan da aka yi, ko a littafi..."

"Ba ni makulli."

Ya miƙa mata na a-kori-kurar. Ta karɓa, hannunta bai koma ba.

"Ɗayan."

"Wanne?"

"Na motarka."

Motarsa baƙa ce, doguwa, mai kujerun fata da sanyi, wadda ko yaransa ba ya bari su ci biskit a ciki. Ya ce da ita yake zuwa ofis. Ta ce ta sani. Ya ce mutum mai matsayinsa ba ya shiga motar haya. Ta ce kajin ba su san matsayi ba. Ya ce zai kira Yaya su zauna a duba yadda za a yi da gyara. A nan ne kawai ta yi dariya, gajera, ba ta ko buɗe baki sosai ba. Ya ciro makullin ya ba ta.

Kafin magariba ta kira makanike ya kwance kujerar baya, aka jingine ta a barandar gida. Ta shimfiɗa buhuna a ƙasan motar, ta gwada jera farantai, suka shiga har rufi.

Washegari Injiniya ya tsaya a bakin titi da jakarsa a hammata, cikin masu jiran bas, yana duban agogo kamar wanda direbansa ya makara. Masinjan ofishinsu, wanda a nan yake hawa kullum, ya gaishe shi har ƙasa, sannan ya koma gefe yana danna waya da sauri. Can sai ga baƙar motar ta taho a hankali, Hajiya a sitiyari, farantan ƙwai sun toshe gilashin baya. Ofishinsa a kan hanyarta yake. Ya ɗan matso bakin kwalta, ya ɗaga hannu rabi. Ta rage gudu, ta sauke gilashi, ya ga kujerar gaba ma ƙwai ne, an ɗaure su da bel.

"A sauka lafiya, Injiniya," in ji ta, ta ɗaga gilashin don kada sanyin ya fita.